Takardar Ƙofar Firij

Sista ma'aikaciyar jinya ce a sashen auna yara na asibiti, kuma duk uwar da ta taɓa kawo ɗanta wurin ta san kaifin bakinta. "Wannan ba lafiya ba ce, ƙiba ce," haka take cewa tana buga biro a kan kati. "Kun mayar da yara buhu, sai ɗura kuke yi." Iyaye su sunkuyar da kai su ce to.

Ita aikin rana take yi, daga ƙarfe biyu zuwa tara. Mijinta kuwa a masana'antar robobi yake, ya fita shida na safe, ya dawo biyu saura. Sau da yawa a tashar mota suke haɗuwa, tana hawa yana sauka, su ɗaga wa juna hannu kamar maƙwabta. Ragowar zaman auren a ƙofar firij ake yin sa, da guntun takarda.

'Yarsu ɗaya, Mami, shekararta takwas. Da ta dawo makaranta uwar za ta zuba mata shinkafa ko taliya, tana tsaye tana neman mukulli tana cewa yi sauri. Sai ta rubuta wa mijin kalma biyu, "Ta ci," ta manna, ta rufe ƙofa ta ruga.

Sau uku tela yana buɗe wa Mami kayan makaranta. Sista ta ce girma ne, ai 'yar ma'aikaciyar lafiya ba ta ƙiba. Sai ranar da ta ga yarinyar ta tsaya sau biyu a matakalar bene tana haki, sannan ta daina cewa girma ne. Washegari ta tafi da ita wurin aiki, ta ɗora ta a sikeli. Abokiyar aikinta ta ɗiga alama a kati, can saman jan layi. Wata mata a kan benci, wadda Sista ta wanke tas a makon jiya, ta leƙo.

"Sista, taki ce? Kai, tubarkalla!"

Kunya ta kama ta, amma tsoron ya fi kunyar. Ta san abin da ke bin wannan layin, ciwon sukari da hawan jini, tun yarinya ba ta kai ko'ina ba.

Ranar Lahadi, ranar da kowa ke gida, ta tsare mijin a kicin.

"Baban Mami, me kake ba yarinyar nan a bayan idona?"

"Ni? Abin da kika ce dai. Kullum ina dawowa nake zuba mata."

"Ni na ce ka zuba mata?"

Ya miƙa hannu saman firij ya sauko da tarin takardun, don shi ba ya yar da komai. "Ga rubutunki. Ta ci. Wato a ba ta ta ci."

"Ta ci! Ta riga ta ci, bawan Allah!"

Ya sake duba takardar, ya juya bayanta ko akwai ƙarin bayani. Babu. Shekara biyu ke nan yana bin umarnin ma'aikaciyar lafiya sau da ƙafa, wani lokacin har da soyayyen ƙwai a kai, don kada a ce ya yi sakaci.

"To ke ma da kin ƙara kalma ɗaya," ya ce a hankali.

"Da wane lokacin?"

Suka juya tare. Mami na bakin ƙofa, tana murza gefen rigarta.

"Ke kuma ba ki da baki?" Sista ta daka mata tsawa. "Ba za ki ce kin ci ba?"

"Na taɓa faɗa, Mama. Sau ɗaya."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai Baba ya ce madalla, ya shiga ɗaki ya kwanta. Ni kuma na kalli talabijin har magariba."

Sista ta fasa faɗan da ta tanado tun ranar awo, tausayi ya rufe ta.

"Amma in ina cin abinci yana zama kusa da ni," Mami ta ce, "ya ba ni labarin injinsu har in gama. Shi ya sa in na kusa gamawa nake cewa a ƙara mini."