Ɗigon Ja a Kan Rugar Baffa Manu

Jamilatu tana gyara zaman majigin a kan kujerar roba sai muryar Baffa Manu ta cika ɗakin. Ɗalibanta goma sha bakwai na cibiyar karatu daga nesa ta Kankiya suka yi tsit. Ita ta ɗauki hoton bidiyon nan da wayarta a daminar bara, a wata ruga da ke bayan Kaikai, tsohon yana bayanin yadda ake gane saniya marar lafiya tun kafin ta kwanta: hancinta ya bushe, ta daina tuƙa, ta ware daga 'yan uwanta. Jami'ar da take wa aiki ta haɗa gwiwa da wata babbar jami'a a birni, suna musayar darussa, yau kuma aka turo sabon zubin darasin kiwon dabbobi. Ta zauna tana murmushi, zuciyarta cike da alfahari.

Murmushin bai daɗe ba. Hoton ya tsaya cak a kan garken, aka fito da taswira, aka ɗora ɗigon ja daidai kan rugar. A ƙasa kuma rubutu, baƙi ƙirin: Manu, Kaikai, shanu tamanin da huɗu. Daga ƙarshe sunan wani farfesa da bai taɓa taka kashin shanu ba ya hau allon a matsayin mai darasin.

Ba sunanta da aka cire ne ya dame ta ba. Lokacin da ta je rugar, sai da ta yi sallama sau uku a kwana uku kafin Baffa Manu ya yarda. Sharaɗi biyu ya kafa mata, yana riƙe da sandarsa a wuya: kada a faɗi inda yake, kada a ƙirga masa shanu. Bafillace ba ya ƙirga dukiyarsa da baki, kuma ɓarayin shanu sun kwashe garken ƙaninsa shekara biyu da suka wuce. Ta dafa ƙirji ta ce amana ce. Ta rubuta sharaɗin da hannunta a takardar da ta tura tare da hoton.

Ta kashe majigin, ta sallami ɗaliban, ta faɗa ofishin Dakta Abdullatif, shugaban cibiyar, ba ta ko tsaya an amsa mata sallama ba. Ya saurare ta yana juya cokali a kofin shayi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yarjejeniyar jami'o'in biyu ta ba kowane ɓangare damar gyara darasin ɗan uwansa don amfanin ilimi. Wurin kuwa wayarta ce ta adana shi a jikin hoton, su dai sun karanta ne kawai. Adadin ma ba wani abu ba ne, an tsayar da hoto an sa ɗalibi ya ƙirga. Cikin raha ya ƙara da cewa ai ta gode, darasinta ya shiga duniya, tun ranar Litinin aka buɗe shi ga kowa a intanet.

"Ga kowa, Dakta? Har da masu bindiga a daji? Su ma ai suna da waya."

Ya ce kwamitin ɗa'a na haɗin gwiwar zai zauna nan da mako uku, ta rubuta ƙorafi, kwafi biyu.

"Mako uku. Shanun za su jira kwamiti?"

Ya ajiye cokalin. Cikin taushin murya ya tuna mata cewa su ne ƙaramin ɓangare a wannan haɗin, babbar jami'ar ce ke riƙe da shafin, kuma a watan gobe za a duba sabunta aikin malamai irinta. Ta dube shi, mutumin da ya koya mata ma'anar neman yardar mai magana a ajin farko. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Motar Kusada ba ta cika ba sai bayan azahar. Daga can ta hau mashin zuwa Kaikai, hanyar ta yi laka, gero ya fitar da kai hagu da dama, kore shar, kyawun da a wata rana da sai ya sa ta hawaye. Yau tsara kalmomin da za ta faɗa kawai take yi, suna rushewa.

Ba ta buƙaci ko ɗaya ba. Matan rugar sun riga sun kwance rabin bukkokin, ƙore a ɗaure a kan jakuna, an naɗe igiyar dangwalin maruƙa. Wani mai sayen kindirmo ne ya nuna musu hoton a wayarsa ranar kasuwa, yana taya su murna wai sun yi suna. A gefe ga gonar geron Baffa Manu, saura wata guda a yi girbi, za a bar ta.

Ta durƙusa ta gaishe da Baffa Manu. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, ya sa aka kawo mata nono a ƙwarya. Ta ce ba da saninta ba ne. Ya ce ya sani. Ta ce za ta sa a cire. Ya ce to, amma wanda ya gani ya riga ya gani.

Ya juya wajen shanun, suna kaɗa jela. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ɗiyata, nawa suka ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Tamanin da huɗu, Baffa."

Ya jinjina kai a hankali. "Shekara sittin ina bayansu, ban taɓa sani ba. Ni da fuska na san su."

Ta tambaye shi ina za su nufa, don ta kai masa labari idan an cire. Ya ɗago ya kalli wayar da ke hannunta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce ta sha nononta kada ƙuda ya faɗa.

Ta kashe wayar, ta jefa ta can ƙasan jaka. Ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu. Ba ta sake tambaya ba.