Gurbin Gicciye

Cikin dare matar kafinta ta ji wani irin sauti a bakin ƙofa, ƙarr, ƙarr, kamar ɓera mai haƙoran ƙarfe. Ta shafa gefen shimfiɗa, babu mijinta. A makon nan an ƙona gidaje a layinsu, kuma duka masu gicciye a ƙofa ne.

Ta lallaɓa ta leƙa. Ashe mijin ne a tsaye, yana goge ƙofar da samfefa. Tun da yamma ya cire ɗan gicciyen katakon da ke jikinta ya ɓoye, amma ga abin mamaki: rana ta daɗe tana ƙona ƙofar, ko'ina ya yi baƙi sai gurbin gicciyen, fari tas. Yana gogewa, farin yana ƙara faɗi.

"Maigida, ka shigo, za a ji ka," ta ce da raɗa.

"Ya ƙi fita," ya ce, yana ci gaba da gogewa.

Da gari ya waye surukarta ta fito tana dogara sanda. Ta daɗe tana kallon ƙofar.

"Kai da ka tsufa a aikin katako, ba ka san katako ba ya mantuwa ba? Da can gurbin ƙarami ne, yanzu ka mai da shi ƙato."

"Iya, yara nake ji."

"Ni ma tsoron nake ji, ɗana. Yesu ma a lambu ya yi gumi kamar jini. Amma da suka zo nemansa, bai ce ba shi ba ne."

Matar ta dubi yaranta da ke barci, kan wannan a cinyar wancan. Ta shiga ta zaro gicciyen daga ƙarƙashin katifa, ta miƙa wa mijin tare da guduma, bakinta na motsi da addu'a. Shi da bai taɓa lanƙwasa ƙusa ba, sai da ya lanƙwasa biyu kafin ta uku ta shiga. Kowane bugu, sai ta ji kamar duk layin ya ji.

Maƙwabcinsu mai gyaran rediyo ya leƙo ta katanga, fuskarsa a yamutse.

"Haba maƙwabci! Jiya da masu ƙona gidajen nan suka tambaye ni, na ce musu kun tashi. In sun dawo yau, me zan ce?"