Ƙwan Zabi Cikin Toka

Delu ta haura shekara sittin ba ta taɓa kwana gidan likita ba, sai ranar da jiri ya kayar da ita bakin rijiya a Deule, guga a hannu. Autarta Fa'iza, wadda ke aure a Madawa, ta aiko da mota aka ɗauko ta. Lokotoro, wato likita, ya auna ta, ya ɗibi jini, ya ce tansiyo, wato hawan jini, ya kama ta, kitse kuma ya yi yawa cikin jininta, abin da suke kira kolestarol. Ya ba da magani, ya ce su komo bayan wata biyu.

Fa'iza ta ce ba inda Inna za ta sai ta murmure. Wata maƙwabciya kuwa ta tsegunta mata cewa gwaiduwar ƙwai ita ke toshe jijiyar zuciya. Tun daga ranar, da safe kowa na gidan ya ci burodi da wainar ƙwai, Delu a ajiye mata kunu. Sai ta sha kununta. Mai zaune gidan suruki ba ta zaɓen ƙwarya.

Ana haka damina ta sauka. Ranar kasuwa matan ƙauye suka fara wucewa ƙofar gida da ƙwan zabi kwance cikin dusa, 'yan ƙanana masu ɗigo-ɗigo. Delu na zaune bisa tabarma tana kallonsu, sai zuciyarta ta koma shekarar da take da cikin fari.

A lokacin tsofaffin gidan mijinta sun hana ta ƙwai. Sun ce mai ciki in ta ci, ɗan zai fito kai sumul ba gashi, ya yi nauyin baki, in ya girma kuma hannunsa ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Ita ko kwaɗayin ƙwai ya kama ta har tana mafarkinsa. Wata rana ta kai wa mijinta Arzika fura gona, can bisa tudun duwatsu, ta iske ya hura wuta gindin kalgo. Ya tona toka da sanda, sai ga ƙwan zabi huɗu shafe da laka, waɗanda ya tsinta cikin geza yana noma. Ya ɓare mata, ya kwance gishiri daga wani ƙullin tsumma.

"Ci abinki," in ji shi. "In ya hito ba gashi, ni ka sai mishi hula."

Ta ci uku, ya ci ɗaya, suka binne ɓawon da hauya kamar masu laifi. Har daminar ta ƙare suna haka, ba wanda ya sani.

Da wata biyu suka cika, Fa'iza ta mai da ita gidan likita. Lokotoro ya ce tansiyo ya fara sauka. Yana rubutu, Delu ta gyara lulluɓi ta ce, "Ɗana, ni ko ƙwai ya haramta gare ni ke nan har in mutu?"

Ya ɗaga kai. "Wa ya hana miki, Inna?"

Fa'iza ta sunkuyar da kai ta ce ita ce.

"Ba ki yi da mugun nuhi ba," in ji shi. "Gaskiya ne gwaiduwa na da kolestarol, amma ba ta kai man shanu da kitsen nama da soye-soye ɓarna ba. Tunda ba ta da ciwon sukari, ta ci dahwahhe guda ɗaya, kamar sau uku ko huɗu a sati. A rage mai da gishiri da magi cikin miya, ta sha maganinta, ta dinga taka ƙasa. In mun sake awo mu gani."

Da suka fito, Fa'iza ta tsaya wurin wata mai talla ta sayi dafaffen ƙwan zabi guda. Suka zauna bisa benci ƙarƙashin iccen bedi. Delu ta ƙwanƙwasa shi ga ƙarfen bencin, don ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, ta ci a hankali. Sannan ta ba ɗiyarta labarin gonar, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Fa'iza ta riƙe baki. "Yaya Rabo ne cikin? Shi da aski duk sati, kuma in ya hwara magana cikin aji, can lakkwal inda yake koyarwa, sai yara sun gaji?"

"Shi ne," in ji Delu, tana dariya har da share ido.

Fa'iza na shekara uku ubanta ya rasu. Abin da ta sani nasa hoto ne guda na katin ɗan ƙasa, fuska a murtuke, da faɗin mutane cewa mutum ne mai haƙuri. Ba ta taɓa zaton ya iya ba'a ba.

"Inna, yaya muryatai take?"

 Shekara da shekaru kunya ta hana Delu zancensa gaban 'ya'ya, ko sunansa ba ta kamawa.

"Siririya ce," ta ce. "Ba ta dace da jikinai ba. In yana kiran awaki sai ki ce mace ce. Kuma bai iya waƙa ba, amma kullum sai ya yi."

"Wace waƙa?"

Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gabansu yana tambaya ko gida za su. Fa'iza ta ɗaga mishi hannu ya wuce. Ta kama hannun uwarta suka miƙe, suka bi gefen titi a ƙasa, manyan motoci ɗauke da albasa na wuce su. Delu na ta ƙoƙarin tuno baitin farko, tana kamawa yana kuɓuce mata, sai da suka kusa kwanar gidan ya zo mata, ta rera shi ƙasa-ƙasa don kar masu shago su ji.