Mutanen Rumfa ta Huɗu

Lauya na cikin bayanin cewa dokar ƙasa da ƙasa ta hana a raba uwa da ɗanta, ko da ba su da takardar shiga ƙasa, sai wayar wata nas ta soma ruri a jaka. Kwana na biyu ke nan ana horar da su, ma'aikatan agaji talatin, kan haƙƙin baƙin haure, a ɗakin taron wani otal.

Ta fita baranda. Direban asibitin sansanin baƙin hauren da take aiki ne ya kira. Ya ce motoci biyu sun zo da hantsi sun kwashe mutanen rumfa ta huɗu, za a mayar da su bakin iyaka. Har da matar nan mai tari, wadda 'yarta ke kwance ana yi mata ƙarin ruwa. Ta yi ta nuna musu ɗakin jinya, ba mai jin yarenta. Da ta riƙe ƙarfen ƙofa, sai da suka ɓamɓare yatsunta.

Lokacin shan shayi nas ɗin ta tare lauyan. Dattijon ya ajiye kofinsa, ya saurare ta har ƙarshe, ya ce doka na bayan uwar, babu tantama. A gabanta ya kira lamba uku na hukuma. Ɗaya a kashe, ɗaya ba a ɗauka ba, ta ukun aka ce shugaba na taro, a rubuto.

"Yau ɗin nan zan rubuta, 'yata."

"Amsa fa, Baba?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ta ƙarshe da na samu, wata bakwai ta yi a hanya."

Ba ta koma zaman rana ba, bas ta hau. A rumfa ta huɗu tabarmi kawai ta tarar, da tukunya a kan murhu, ruwan bai gama hucewa ba.

A ɗakin jinya, zazzaɓin yarinyar ya sauka. Tana zaune a gado, 'yar shekara shida, burodi a cinyarta. Da guntuwar maganar da ta tsinta a sansanin ta tambayi inda innarta take. Nas ɗin ta ce ta ɗan fita.

Yarinyar ta raba burodin biyu, ta tura babban ɓarin ƙarƙashin matashi, ta ce na Inna ne. Can ta ɗago.

"Anti, tururuwa za su ci?"

Nas ɗin ta buɗe durowa, ta nemo leda mai tsabta, ta ƙulle mata shi tam.