Ranar da Na Ce wa Adda Fanta Ban Gane Ba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ko a gidan biki bango nake nema in raɓe. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Amma abin da ya faru a ajin Adda Fanta ya ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda na iya.

Sunana Ruwaida. Ɗinki nake yi a wani shago a Yelwa, nan Jalingo. Adda Fanta yayata ce, kuma ita ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a. Lissafi take karantawa, kanta na ja sosai. Kwas ɗaya ne ya gagare ta, wanda ake koya musu karanta Turancin manyan littattafai, kuma dole kowane ɗalibi ya ci shi. Bara ta faɗi. In ta sake faɗuwa bana, 'yan ajinta za su gama su bar ta a baya.

Ba ƙyuya take yi ba. Ina ganinta a kan tabarma da takarda da ƙamus na waya, tana bin kalma ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta ma'ana da fensir a saman kowacce har shafin ya yi baƙi. In ta kai ƙarshe sai ta dafe kai.

"Kowace kalma na san ta," in ji ta, "amma abin da mutumin nan yake nufi, oho."

Bana aka ba su sabuwar malama, Madam Cecilia, wadda ta tashi a garin Mutum Biyu, Hausarta ba ta raba namiji da mace. Ita ce ta zo da wani tsari. Ta ce duk wanda ya fahimci abin da ya karanta, zai iya faɗa wa wanda ba ya jin Turanci har ya gane. Don haka kowane mako sai ta ba su shafi, su je gida su bayyana wa wani da Hausa. A ƙarshen zango kuma kowa ya zo da mutuminsa aji. Za a ba ɗalibi shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta, ya yi wa mutuminsa bayani, sannan Madam ta yi wa mutumin tambayoyi. Abin da mutumin ya amsa, da shi za a ba ɗalibi maki.

Adda Fanta ni ta zaɓa. Dada, mahaifiyarmu, ta ce ƙafarta ba za ta taka jami'a ba.

Haka muka riƙa zama bayan la'asar, ina ɗinka maɓalli, ita tana bayani. In ta ce, "Kin gane?" sai in ce, "Na gane." Wani lokaci na gane ɗin, wani lokaci kuwa ko kusa. A gidanmu ba a sa babba ya maimaita magana. In babba ya yi magana, ka ce to, ka sunkuyar da kai. A shago ma haka nake. Mace za ta zayyana min ɗinkin da take so, in ce to, sai ta tafi in koma ina tambayar abokiyar aikina me ta ce.

Ranar gwajin muka shiga keke tun da safe. A hanya Adda Fanta ta juyo gare ni.

"Ruwaida, ki ji ni da kyau," ta ce. "In ina bayani, ki riƙa gyaɗa kai. Ko ba ki gane ba ki gyaɗa. Kar ki sa Madam ta ga kamar ban iya ba."

"To, Adda."

"To ɗin nan taki dai. Ki buɗe baki in an tambaye ki, ba ki tsaya kina kallon takalmi ba."

Ajin ya cika da ɗalibai da mutanen da suka kawo. Akwai tsofaffi, akwai masu goyo, har da wani mahauci da ke ta duba waya don ya bar teburinsa a kasuwa. An ajiye kujeru biyu a gaba suna fuskantar juna, Madam na gefe da takardunta.

Kafin mu, ƙawar Adda Fanta ce ta fita, Rejoice, da kakarta. Rejoice ta karanta shafinta, ta shiga bayani da sauri, tana haɗawa da Turanci. Tsohuwa na ta gyaɗa kai tana murmushi. Da ta gama, Madam ta juyo.

"To Mama, me takarda ya ce?"

"Ai yarinyar nan ta iya Turanci sosai," in ji tsohuwa.

"Na ji, Mama. Amma me ya faɗa miki?"

"Tun tana ƙarama haka take. Ubanta ma haka."

Aji ya fashe da dariya, har da Madam. Rejoice kuwa ba ta yi dariya ba, ta koma kujerarta idonta ya kawo ruwa. Sai na lura abin da tsohuwar nan ta yi shi ne aka ce in yi.

Aka kira Adda Fanta. Na zauna a kujerar gaba, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Ta karanta shafinta shiru, leɓenta na motsi, babu ƙamus, babu fensir. Da Madam ta ce lokaci ya yi, sai ta ɗago ta fara.

Ta ce maganar a kan ɗalibai ce da karatu a waya. Ta ce karatu a waya yana lalata fahimta, wanda ya karanta a takarda ya fi riƙe abu. Na gyaɗa kai, wannan na gane. Ta ce an raba ɗalibai gida biyu, wasu da waya, wasu da takarda, aka yi musu tambayoyi. Na gyaɗa kai. Sai ta ce, don haka waya ba ta da laifi.

Nan kaina ya tsaya.

"Kin gane?" in ji Adda Fanta, tana min wani kallo.

Na dubi takalmina. Ina jin fanka na juyawa a sama, ina jin idon mutane a bayana. In na ce na gane, Madam za ta tambaye ni, kuma ban san wanne zan faɗa ba, mai laifi ko marar laifi. In na ce ban gane ba, na saɓa wa yayata a gaban jama'a.

"Ban gane ba, Adda."

Muryata ta fita ƙarama, amma ajin ya yi tsit, kowa ya ji. Adda Fanta ta zare min ido.

"Me ne ba ki gane ba?"

"Ɗazu kin ce waya na lalata karatu. Yanzu kin ce ba ta da laifi. Mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun?"

Wani ya yi dariya a baya. Adda Fanta ta juya. Ta dubi Madam.

"Takarda yana hannunki," in ji Madam. "Ƙanwarki ya yi tambaya."

Ta mayar da ido kan shafin. Na ga yatsanta ya koma sama, ya sauko a hankali, ya tsaya a tsakiya, ya sake komawa sama. Ni dai addu'a nake a zuci. Can sai na ga fuskarta ta saki.

"Ba mutum ɗaya ba ne," ta ce, kamar da kanta take magana. Sai ta gyara zama ta fuskance ni sosai. "Ruwaida, saurara. Na farkon nan ba maganarsa ba ce. Abin da mutane suka daɗe suna faɗa ne ya kawo, don ya gwada ko gaskiya ne. Da ya gwada, sai ya ga in an kashe saƙonni, masu waya da masu takarda duk ɗaya suke. Saƙon da ke shigowa yana katse mutum, shi ne matsalar. Kuma ya ce a makaranta ɗaya kawai ya gwada, kar a ɗauka ko'ina haka ne."

Ban taɓa jin ta yi bayani irin wannan ba. Ko kalmar Turanci ɗaya ba ta sa ba.

"Yanzu na gane," na ce, kuma gaskiya na faɗa.

Madam ta matso da kujerarta.

"Wa ya ce waya yana ɓata karatu?"

"Mutane ne suke faɗa, Madam. Shi mai rubutun bai yarda ba."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce saƙonni ne masu katse mutum."

"Ke kin yarda da shi?"

"Ban sani ba tukuna. Adda ta ce a makaranta ɗaya ya gwada."

Madam ta ajiye biro ta dubi aji. Ta yi musu magana da Turanci, ban ji ba, na dai ga suna kallon Adda Fanta, wasu na rubutu. Sannan ta rubuta maki ta nuna wa yayata. Adda Fanta ta rufe baki da hannu biyu.

Sai da muka fito bakin titi ta yi magana.

"Wallahi da kika ce ban gane ba, saura kaɗan in shaƙe ki da mayafin nan."

"Yi haƙuri, Adda."

"Haƙurin me? Na ci, ke! Da wannan makin, ko jarrabawar ƙarshe ta zo da ƙaho na wuce." Ta mintsine ni a hannu. "Watau duk zaman da muka yi a tabarma, kan kawai kike gyaɗa min kamar ƙadangaruwa?"

"Ba duka ba."

"Ba duka ba! Ji min yarinya."

A gida ta ba Dada labari, ta kwaikwayi muryata, ta kwaikwayi kakar Rejoice. Dada ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe bakin nawa yana aiki. Ina dai kallon yayata, wadda ta karanta shafin Turanci a gaban aji guda, babu ƙamus, ta warware shi tsaf, sai na ji kamar ni aka ba makin.

Washegari da safe na riga kowa buɗe shago. Ina share ƙasa Anti Roseline, wata mai kawo mana ɗinki, ta shigo da atamfa, tana sauri za ta ofis. Ta shiga zayyana ɗinkin da take so, hannu na yawo a iska, wuya kaza, hannu kaza, tattara a nan, tsaga a can. Ta juya za ta fita.

Na ajiye tsintsiya na ɗauko tef.

"Anti, ban gane ba," na ce. "Dawo mu fara daga wuyan."