Kukan da Baba Ummaru Bai Yi Ba

Sunusi irin samarin nan ne da zama wuri ɗaya ke sa wa ƙaiƙayi. Ya bar makaranta tun bai gama sakandare ba, ya taɓa kabu-kabu, ya taɓa gyaran janareto, ya bi motar albasa zuwa kudu ya dawo yana rantsuwar ba zai ƙara ba. Abin da ya riƙe shi a ƙarshe shi ne wani gidan gem a Nassarawa, cikin Birnin Kebbi, inda yake kunna wa samari ƙwallo a talabijin yana raba musu faɗa. A nan ya san Simeon, ɗan wani ma'aikacin jinya daga Filato da ke zaune a Gwadangaji, wanda ba ya rabo da wata tsohuwar kwamfuta a jakar baya.

Gidan gem ɗin ya fara mutuwa a tsaye. Samarin da a da ke layi har bakin kwata duk sun koma buga nasu a waya. Wata rana da rana tsaka, su biyu kaɗai a shagon, Simeon ya ce, "Mutumina, kowa yanzu gidan gem ɗinsa na cikin aljihunsa. Amma ka duba duk abin da suke bugawa, akwai guda da ya yi kama da mu? Yanzu mutum biyu ma suna iya haɗa gem, in dai akwai kwamfuta da haƙuri."

"Kwamfuta taka ce, haƙuri kuwa sai dai mu ara," in ji Sunusi.

Shi ne ya kawo maganar su, wato kamun kifi. Ɗan Argungu ne, kuma a gidan masunta ya tashi, hannun wan mahaifinsa Baba Ummaru, wanda ya ɗauke shi tun yana rarrafe bayan rasuwar uban. Sai suka haɗa gem na ɗan masunci yana iyo a kan babbar gora, da homarsa ta kama kifi a hannu, yana bin giwan ruwa yana kauce wa kada. Simeon ne mai haɗawa, Sunusi ne mai bugawa da ƙorafi: gora ba ta juyawa haka, kifi ba ya gudu a miƙe, wannan ruwan na famfo ne ba na gulbi ba.

Da komai ya daidaita sai ya rage murya. Simeon ya gwada tasa, Hausar Jos ta fito daga bakin masunci, suka yi ta dariya. Ta Sunusi kuma siririya ce kamar ta mai tallar ruwa. Sai Simeon ya nuna masa wata manhaja da ke sauraren maganar mutum na ɗan lokaci, daga nan duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗe shi da muryar mutumin, har da yadda yake jan numfashi.

Sunusi ya san muryar da yake so tun kafin Simeon ya rufe baki. Ran Juma'a ya je gida, bayan an sauko masallaci ya zauna gefen tabarmar Baba Ummaru, ya kifa wayarsa kusa da ƙafar tsohon, ya ja shi da hira a kan ambaliyar bara. Baba Ummaru ya saki baki da muryar nan tasa mai kauri da ɗan gurzawa, wadda ko daga ƙetaren gulbi ya yi kira an san shi ne. Ya ji daɗi ƙwarai da yaron ya zauna yau bai yi ta tashi ba. Bai san ana ɗauka ba, Sunusi kuma bai gaya masa ba.

Da farko maganganun ba su da laifi. In an fara wasa muryar ta ce, "Bismillahi, mu tai." In kifi ya shiga homa ta ce, "Ja, yaro, ja." Sai aka zo kan abin da masuncin zai ce in mai wasa ya faɗi, gora ta kuɓuce. Simeon ya ce a sa "Allah ya kai mu gobe." Sunusi ya ce wannan ba ya ba da dariya, ya jawo kwamfutar gabansa ya rubuta da hannunsa. Muryar Baba Ummaru ta fito tana rawa: "Wayyo, ku cece ni, ruwa za ya ci ni!"

Suka yi dariya har mai shagon ya leƙo. A tsakiyar dariyar Sunusi ya ɗan tsaya, domin ya san abin da Simeon bai sani ba. A gidajen masunta mutum na iya rasa dukiya, ya rasa mata, a yi masa jaje, amma namijin da aka ji yana neman ceto a cikin ruwa ya gama magana a gaban 'yan'uwansa. Ya ce a ransa wa zai gane muryar wani tsoho a Birnin Kebbi, ya bar ta.

Gem ɗin ba shi da nauyi kuma ba ya cin data, don haka waya ta dinga miƙa wa waya. 'Yan kabu-kabu suka kai shi Ambursa, 'yan makaranta suka kai shi inda ba a zata ba. Sunusi ya fara jin ana nuna shi a Nassarawa ana cewa ga mai gem ɗin kifi, kansa ya yi girma. Yana cikin wannan Rauda, 'yar Baba Ummaru, ta kira shi.

"Yaya, kana da labarin abin da anka yi wa Baba?"

"Mi anka yi mishi?"

"Wani marar tsoron Allah ya sa muryarshi cikin wasan waya. Yara na bin shi kasuwa suna wayyo ku cece ni. Jiya har bakin masallaci."

"Yara ne, za su gaji."

"Ba yara kaɗai ba. Ka tuna bara da jirginshi ya kife cikin ambaliya ya fito da iyo? To yanzu ana cewa ashe kuka ya yi rannan, wani ya ɗauka da waya. Ga buɗe tafki ya matso, manya za su zauna jibi kan wanda za a sa a jirgin tsaro. Ni dai na bar wanda ya yi wanga abu da Allah."

Sunusi ya ce amin.

Duk shekara in masuntan unguwarsu za su buɗe tafkinsu na fadama, ɗaruruwan mutane ke faɗawa ruwa lokaci guda, sai a sa mutum ɗaya a jirgi yana zagayawa, idonsa a kan wanda ya gaji ko homa ta naɗe masa ƙafa. Tun kafin a haifi Sunusi Baba Ummaru ne a wannan jirgin. Ba a biyansa komai. Amma da shi ake kiransa, kuma saboda shi uwaye ke barin 'ya'yansu su shiga.

Sunusi ya sami Simeon a gida ya ce a cire maganar yanzun nan. Simeon ya cire, ya saki sabon gem, sannan ya juyo da fuska ba walwala.

"Wanda ya sauke da data ne kawai zai sami sabon. Sauran da aka tura musu hannu da hannu, tsohon na nan a wayoyinsu, ba ni da hanyar shiga. Amma me ya sa ba ka gaya mini abin kunya ne a wurinku ba?"

"Na ɗauka ba za ya kai can ba."

"Mu je tare in yi musu bayani. In nuna musu yadda na'urar take yi."

"Ba kai ka aje waya gefen tabarmarshi ba," in ji Sunusi.

Ranar zaman ya shiga motar Argungu da hantsi. Gonakin shinkafa na wucewa ta taga, shi kuwa yana ta jera maganar da zai yi yana rushewa. Ya tarar da Baba Ummaru a zaure yana ɗinkin homa. Ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya amsa ya tambaye shi aiki da mutanen birni, ya sa Rauda ta kawo masa fura. Sunusi ya buɗe baki ya ce Baba, tsohon ya ɗago ya dube shi, sai ya ji kansa yana tambayar ko shinkafar bana ta yi kyau.

Bayan la'asar manya suka taru a ƙofar gidan Alhaji Muhammad Sani, shugaban masuntan unguwar. Sunusi ya bi bayan baban nasa ya tsuguna daga gefe. Aka yi addu'a, aka ɗan taɓa maganar ranar buɗewa, kowa na kewaye abin da ya tara su. Abbas, sa'an Baba Ummaru kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, shi ya gaji.

"Alhaji, a bar zagaye-zagaye. Ni dai ban yarda ba. Wanga ƙaton ko matarshi ba ta taɓa jin ya ce wayyo ba, balle ruwa."

"Kai ka taɓa ji, ranar da na kada ka gaban 'yan mata," in ji Baba Ummaru.

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Alhaji ya sa aka miƙo wata waya, aka buga wasan har gora ta kuɓuce. Muryar ta fito a tsakiyar dattawan, ba wanda ya dubi wani.

"Ummaru," in ji Alhaji a hankali, "ba mu tara ka don mu ci mutuncinka ba. Amma mata sun fara cewa ba su barin ɗiyansu su shiga bana. Muryarka ce ko ba taka ba?"

Sunusi ya matso a durƙushe. "Alhaji, a gafarce ni, ina da magana. Wagga murya ba..."

"Wa ya sa da kai?" Baba Ummaru bai ko juyo ba. "Koma inda kake. Manya na magana."

"Baba, ni ne..."

"Na ce koma."

Ya koma. Tsohon ya gyara zama ya fuskanci Alhaji.

"Muryata ce. Ni na hwaɗi. Ruwan bara ya fi ƙarfina, na ji tsoro, na yi kira. Wanda ya ɗauka ban san shi ba, ban kuma neman shi. Ku ba Abbas jirgin, idonshi ya fi nawa yanzu."

Abbas ya daɗe yana kallonsa. "Ƙarya kake, Ummaru."

"Ka taɓa jin namiji ya yi wa kanshi irin wagga ƙarya?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, aka shafa fatiha.

A hanyar gida Sunusi na biye da shi kamar wanda aka ɗaure da igiya. Sai da suka shiga lungun da ba kowa sannan ya sha gabansa ya zube ƙasa.

"Baba, ba ka yi kuka ba. Na'ura ce. Ni na ɗauki muryarka ranar Juma'ar nan, ni na rubuta maganar. Ka bari in koma in gaya musu, in nuna musu yadda ake yi, za su yarda."

"Tashi, kana ɓata wandonka."

"Baba, don Allah."

"Na san kai ne tun ranar da Rauda ta kunna mini. Wa ke zama kusa da ni har shi sami muryata haka? Kai da ba ka iya zaman minti biyu, rannan ka zauna har la'asar, ni kuwa ina ta murna."

Sunusi ya kasa ɗaga kai.

"In ka gaya musu, sun yarda, sai mi? Su mayar da ni jirgi, ina zagaya tafki ana nuna ni ana cewa ga wanda ɗan da ya rena ya maida shi abin wasan yara. Kai kuma wa za ya ba ka 'yarshi a garin nan, wa za ya sake magana in kana wuri? Ɗan ƙanena ne kai, sunan gidanmu ɗaya. Tsoron ruwa ni kaɗai ya shafa, kuma na tsufa, ana yi wa tsoho uzuri." Ya sassauta murya. "Ba don kai kaɗai na yi ba, kada ka ɗauka. Ni ma wanda na fi iya ɗauka na zaɓa. In ka buɗe baki bayan wannan, ka mayar da ni maƙaryaci gaban sa'o'ina, ban yafe ba."

Ya kewaye shi ya wuce. Da suka isa gida ya shiga ɗakinsa, ya fito da filafilin da yake tuƙa jirgin tsaro da shi, wanda hannunsa ya cinye wa mariƙi har ya yi santsi. Ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙa wa Sunusi.

"Kai wa Abbas. Ka ce mishi bakin ya ɗan tsage, shi lura wajen turawa. Ka bi ta kasuwa, ta fi kusa."

Rauda ta fito daga madafa tana tambayar yadda aka ƙare. Sunusi ya saɓa filafilin a kafaɗa ya fita. Masu shaguna suka bi shi da ido, kowa ya san na wane ne, kowa ya gane inda za a kai shi. Wani dattijo mai sayar da gishiri ya girgiza kai ya ce masa, "Sannu, yaro. Ka yi haƙuri, ka ji? Allah ya saka wa babanku."

Sunusi ya ce amin, ya ci gaba da tafiya.