Idon Malam Almu Guda Ɗaya

Mijina Malam Almu mai gyaran rediyo ne a Babbar Kasuwa, kuma tun da na aure shi ban taɓa jin ya ce shi ya yi wani abu ba. In ya ƙona rediyon mutane, an rubuto. In ya shanye furar baƙo, an rubuto. A wurinsa ɗan Adam ba shi da zaɓi ko na ƙwayar gero, kuma a kan haka ya ɓata da rabin majalisar Ƙofar Kaura.

To, da soja suka ce za su miƙa mulki aka buga gangar zaɓe, sai ƙanena Sammani tela ya fito takarar kansila. Ni na raine shi bayan rasuwar innarmu. Na bi gida-gida ina roƙa masa ƙuri'a har silifas ɗina ya tsinke, amma ta cikin ɗakina ta gagare ni.

"Allah ka ba da mulki, Lailatu," in ji Malam. "Ni runtse ido zan yi, in yi bisimilla in dangwala. Inda yatsa ya hwaɗi, nan aka rubuto."

"Malam, ƙanena ne fa!"

"Ko ƙanen wa ne."

Na ji haushi ƙwarai. Kwana uku ina zuba masa tuwo ba man shanu, shi ko a jikinsa.

Ranar zaɓe aka ƙidaya ƙuri'u a gaban kowa da la'asar. Sammani ya ci da ƙuri'a ɗaya. Ɗaya tak! Na rangaɗa guɗa har mayafina ya faɗi a kwata, na tsince shi na ci gaba. Mata suka cika mana tsakar gida, aka kifa ƙwarya a ruwa ana kiɗa, ni da ciwon gwiwa ya hana ni tsugunno sai ga ni ina juyi. Aka ɗauko Sammani a kafaɗa, awon ɗinkinsa na rataye a wuya.

Malam kuwa na tarar da shi a bayan rumbu, ya zura wa babban yatsansa mai tawada ido.

"Ka ga ikon Allah, Malam," na ce. "Ya kai yatsanka inda ya dace."

"Lailatu, na leƙa."

"Ka yi mi?"

"Na runtse, na yi bisimilla. Sai na tuna silihwas ɗinki. Na buɗe ido guda, na nemo alamar yaron nan, na danna da ƙarhi." Ya nuna min yatsan. "Ba wanda ya buɗe min shi. Ni na buɗe."

Dariya ta kwace min har na dafa rumbu. Shi ma ya fara, sai kuma na ga hawaye a gemunsa, tausayinsa ya kama ni.

"Shekara sha biyar ina jin dokar soja a rediyo, ba a tambayata komi," ya ce. "Har na ɗauka haka Ubangiji yake da bayinsa. Astagfirullah. Ashe Ya ba ni idon, Ya bar min buɗewa, kuma zai tambaye ni."

Ya miƙe ya gyara hula, ya nufi ƙofa.

"Ina za ka? Ga tuwo, har da man shanu."

"Gidan Lawal. Rediyonshi da ya ƙone bara, ni na ƙona shi."